Yadda ake bin salsalar gidan da aka ce akwai jinin Bajamushe a cikinsa

A wasu gidaje na karkarar Kano da Jigawa akwai maganar da ake gada kamar yadda ake gadon gona: wai wata kaka ta dawo daga Adamawa da goyon Bajamushe, ko kuwa wai wane da ke kwance a tsohuwar maƙabarta ɗan wani Bature ne mai sayen fata. Wani gidan da alfahari ake faɗa, wani gidan sai an rage murya. Mai son gano gaskiyar maganar yakan yi kuskure tun ranar farko, ya ɗauki waya ya shiga intanet yana laluben sunan Bajamushen. Ba abin da zai samu. Jamus ba ta da rajista guda ta ƙasa baki ɗaya da aka tara sunayen mutanen da a ciki. Kowace haihuwa da aure da mutuwa an rubuta ta ne a littafin cocin ƙauyen da abin ya faru, ko a ofishin rajistar garin. In ba ka da cikakken suna da sunan ƙauye, ba ka da ƙofar shiga. Hanyar samun waɗannan biyun kuwa daga zauren gidanku ta faro, ana komawa baya kaka ɗaya bayan ɗaya, ba a tsallake kowa.

Littafi da lamba

Ka tanadi littafi biyu masu bango mai kauri, ɗaya na yawo ɗaya na ajiya a gida, da fensir, da waya mai ɗaukar murya wadda ta sha caji. Kowane mutum a ba shi shafinsa.

Sannan ka sa wa kowa lamba. Kai ne 1, mahaifinka 2, mahaifiyarka 3. Daga nan ƙa'idar ɗaya ce: lambar uban mutum ninkin tasa ce, ta uwarsa kuma ninkin da ƙarin ɗaya. Kakanninka huɗu za su kama daga 4 zuwa 7, iyayensu takwas daga 8 zuwa 15, na bayansu goma sha shida daga 16 zuwa 31. Masu bin nasaba a Jamus da wannan tsari suke aiki, don haka duk ranar da ka aika musu da takardarka za su karanta ta ba sai an yi musu bayani ba. A gida ma amfaninsa a fili yake. Zuriyar da ke da Muhammadu biyar da Hauwa huɗu, in babu lamba, kafin ka kai shafi na goma ka aurar da jika ga kakanta.

A shafin kowa ka bar gurbin sunan yanka, laƙabi, sunan uba da na uwa, garin haihuwa, sana'a, askar fuska, matan da ya aura bi da bi, 'ya'yan kowane ɗaki, da inda aka binne shi. Gurbin da ba a sani ba a bar shi fayau. Cike gurbi da zato shi ne abin da ya fi lalata wannan aiki, domin bayan shekara biyu kai kanka ba za ka tuna wanne ne zato ba.

Zama da tsofaffi

Labarin sarauta da iyakar gona yana bakin maza, amma wa ya haifi wa, a bakin mata yake. Gwaggo da ta haura tamanin ta fi takarda goma. Da ita za a fara, yau ba gobe ba. Bayanta sai tsohuwar ungozoma, da wanzamin da gidansu ya gaji yi wa gidanku aski da kaciya, da maroƙin da ya san kirarin gidan, da liman, da dagaci. Wanzami musamman ya san irin askar da ake yi wa 'yan gida, ya kuma san wanda aka bari ba a yi masa ba.

A je da rani bayan an kai amfani gida, da hantsi ko bayan la'asar. Da damina ba wanda zai ajiye fartanya ya ba ka tarihi. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda. Tsoho in ya gaji yakan fara amsa "haka ne" ga duk abin da ka ce don ka tashi. A riƙe goro da sabulu ko turare, a nemi izini kafin a kunna waya. In cikin gida ne inda namiji ba ya shiga, a tura 'yar gida da tambayoyin a rubuce.

Yadda ake jefa tambaya shi ne rabin aikin. Kada ka ce, "Gwaggo, ashe kakanmu Bajamushe ne?" Ka riga ka sa mata amsa a baki, in tana son faranta maka za ta ce e, in tana jin nauyin maganar za ta ce ba ta taɓa ji ba, ka rufe ƙofar da hannunka. Kewayawa ake yi. "Gwaggo, ita Iya babba a wane gari aka yi goyonta? Wa ya aurar da ita? Da ta zo garin nan tana jin wani yare ban da Hausa? Da aka raba gado ta samu kaso?" Wurin dagaci kuma, "Ranka ya daɗe, gonar da ke bayan rafi wa ya fara sare ta, kuma daga ina ya zo?" Akwai tambaya guda da ke warware dangantaka fiye da kowace: wa yake karɓar kuɗin shara a hannun wa? Taubasantaka ba ta ƙarya, tana nuna maka cewa iyayen mutum biyun nan wa da ƙanwa ne, ko ya da ƙane.

Ka ji daga bakin mutum uku aƙalla, kowa shi kaɗai. In ka haɗa su wuri ɗaya, wanda ya fi girma zai yi magana sauran su bi shi da gyaɗa kai. A gefen kowace magana ka sa G in mai faɗa ya gani da idonsa, J in ji ya yi, tare da sunan wanda ya ji a wurinsa. Sau da yawa za ka tarar mutum ukun duk daga bakin tsohuwa ɗaya suka ɗauko. Wannan shaida ɗaya ce, ba uku ba.

Kalmomin zumunta ma suna da tarko. "Baba" yana iya zama wan uba ko ƙanensa. "Ɗana ne" yana iya zama ɗan riƙo, ko agola, ko wanda aka shayar. Kullum ka ƙara da, "Uwa ɗaya uba ɗaya, ko 'yan uba ne?" Ga wanda ke neman Bajamushe wannan ne wurin da ya fi muhimmanci, domin yaron da uwa ta dawo da shi daga wata ƙasa galibi da sunan kawunsa ko na mijin da ta aura daga baya zai tashi. Haka kuma alkunya takan ɓoye sunan ɗan fari da na miji da na suruki, har tsohuwa ta rasu ba ta taɓa furta su ba. Irin wannan suna a bakin wata za a nema.

In maganar ta kai ga bauta, ko sa-ɗaka, ko cikin da ba a san ubansa ba, tsoho ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. Ka rubuta cewa a nan aka tsaya, ka dawo bayan mako biyu ta wata hanyar.

Sunan da ke yaudara

Kafin ka yarda akwai Bature a gidan, ka kawar da waɗannan. Bature suna ne da ake yi wa yaron da aka haifa ran Talata, kamar yadda Balarabe na Laraba ne, ba Balaraben Masar ba. Jatau farin mutum ne kawai. Kalmar Turawa kanta, kafin zuwan Nasara, Larabawan Arewacin Afirka ake nufi da ita, mutanen Gadamus da Tarabulus. Sunan Dandalin Turawa a cikin birnin Kano nasu ne. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 Kwarori suka yawaita a cinikin gyaɗa har cikin ƙauyuka, su ma farare ne. Ga Buzaye, ga Fulani. Farar fata da laushin gashi ba su isa hujja ba, kama da wane ba ta wane.

Laƙabin Jamus shi ma yana da ƙofofi da yawa. Mai shi yana iya zama wanda ya yi wa Jamusawa soja ko dako a Kamaru, ko wanda ya yaƙe su a rundunar Ingilishi, ko wanda aka haifa lokacin yaƙin Hitila, ko marinin da ya fara aiki da shunin kanti na Jamus a garuruwan rini irin su Kura. Kuma ba duk mai suna irin na Jamusawa ne Bajamushe ba. Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, haifaffen Basel ne a Suwizalan, kuma Ingila ya yi wa aiki.

Sunan Ɗan Hausa ya nuna wata matsalar. Mutanenmu ba sa riƙe sunan Bature na asali, laƙabi suke ba shi. Heinrich Barth da ya shigo Kano a Fabrairun 1851, Abdulkarim yake amsawa. Saboda shi ne Bajamushen da kowa ya ji sunansa, shi akan liƙa wa labari, alhali matafiyi ne mai wucewa, makonni ya yi a birnin ya ƙara gaba. Don haka ka rubuta laƙabin daidai yadda aka furta shi, sannan ka matsa a kan abu uku: aikin mutumin (soja ne, ɗan kasuwa, likita, mishan ko mai awon ƙasa), garin da ya zauna, da lokacin. Turawan da ke bariki ɗaya a wancan zamani ƙalilan ne, waɗannan ukun sukan isa a fito da sunansa.

Sa wa labari shekara

Tsoho ba zai ce maka 1914 ba, zai ce zamanin Sarki Abbas, ko shekarar yunwa. Kai ne za ka mayar da shi lamba. A Kano, Alu ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1903, shekarar da Turawa suka ci birnin. Abbas daga 1903 zuwa 1919. Usman zuwa 1926. Abdullahi Bayero zuwa 1953. Sanusi zuwa 1963. Yaƙin Haɗeja da Turawa a 1906 aka yi. Babbar yunwar da ake kira Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce, annobar mura 1918, zuwan Sarauniya 1956, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Ka tambaya ko mutumin ya isa kiwo a lokacin, ko an yi masa kaciya, ko an yaye shi. Da haka za ka matse shekarar haihuwa cikin tazarar shekara biyar, wanda ya wadatar.

In ka samu kwanan wata na Hijira a gefen Alƙur'ani ko kundin malam, ka ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1330 ta ba da 1912. Lissafin yakan kauce da shekara ɗaya, ba ya wuce haka.

Wajen ƙiyasi, a ɗauki kamar shekara 30 zuwa 35 tsakanin uba da ɗa, 20 zuwa 25 tsakanin uwa da ɗa, amma a tuna cewa a gidan mata huɗu auta yana iya zama sa'an jikan ubansa.

Yanzu ka ɗora labarin a kan tarihi ka ga ko ya hau. Jamus ta kama gaɓar Kamaru da Togo a 1884, amma ba ta ci Garwa da Marwa ba sai 1901 zuwa 1902. Togo ta faɗi a Agustan 1914, Garwa a Yunin 1915, sansanin ƙarshe na dutsen Mora ya miƙa wuya a Fabrairun 1916. Ke nan idan an ce a Garwa aka haifi kakar kuma ubanta hafsan Jamus ne, haihuwar ba za ta fita daga tsakanin 1902 da 1916 ba. In lissafinka ya ba da 1925, ko dai ƙiyasin ya karkace, ko Baturen Bafaranshe ne. A lura kuma, Dikwa da Bama da Mubi da Madagali a hannun Jamus suke a lokacin. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 suka tabbata cikin Nijeriya. Mai cewa "a nan ƙasar aka haife ta" bai saɓa wa mai cewa "a ƙasar Jamus" ba.

Hanyar da Bakano zai haɗu da Bajamushe ba ɓoyayya ba ce. Fatake suna zuwa Gaundare da Banyo da Tibati a Kamaru, masu neman goro kuma suna bi ta Sansanne Mango da Kete Karachi, waɗannan biyun barikokin Jamus ne a Togo. A Kete Karachi ne Imam Umaru, haifaffen Kano, ya zauna har ya yi aikin rubuce-rubucen Hausa tare da jami'in Jamus Adam Mischlich. Inda akwai zango akwai mata da yara. Akwai kuma 'yan kasuwar Jamus a cikin Nijeriya kanta, waɗanda Ingilishi suka kama a 1914 suka rufe kamfanoninsu. Sai rukuni na ƙarshe, injiniyoyin da suka zo aikin hanya da gada bayan samun 'yancin kai.

Takardun gida

A buɗe adaka da tsohon akwatin ƙarfe. Rasit ɗin haraji yana ɗauke da sunan maigida da unguwa da shekara, sai dai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. Takardar sallama daga soja, takardar shari'ar gado daga kotun alƙali, fasfon aikin hajji, rajistar makarantar elementare, duk a ɗauki hotonsu gaba da baya a hasken rana, ba da fitilar waya ba.

Daga nan sai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Arewa House, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa. Mutumin Jigawa ya nemi garinsu a ƙarƙashin Lardin Kano, tunda sai 1991 aka yanke jihar. Turawa suna rubuta suna yadda kunnensu ya ji, Haɗeja takan fito a Hadeija, Muhammadu a Momadu ko Mamadu, don haka a gwada kowace siga.

Ƙetarawa Jamus

Matakin farko shi ne mayar da laƙabi suna. Gwamnatin Jamus tana da jaridar mulkin mallaka, Deutsches Kolonialblatt, wadda ta fara fita a 1890, tana buga wanda aka tura wace bariki, wanda ya tafi hutu, da wanda ya mutu. Tana kan intanet. Sai dai ka nemi gari da rubutunsu: Garua, Marua, Dikoa, Ngaundere, Banjo, Kete-Kratschi, Hausa kuma Haussa. Fayilolin ma'aikatar mulkin mallaka suna Bundesarchiv, gidan adana takardun tarihi na ƙasar Jamus, a Barlin ƙarƙashin lamba R 1001, an ɗora da yawa a intanet. Wasu takardun zamanin suna Yawunde da Lome. In soja ne aikin zai yi wuya, domin ma'ajiyar takardun sojan Furusiya (jiha mafi girma a Jamus ta wancan zamani) da ke garin Potsdam ta ƙone a harin bam na Afrilun 1945. In mishan ne an fi samun sauƙi, Mishan ɗin Basel da ya yi aiki a Kamaru yana da ma'ajiya mai tsari. In ɗan kasuwa ne, a duba jerin fasinjojin tashar jirgin ruwa ta Hambug na 1850 zuwa 1934, wanda ke nuna garin da mutum ya baro.

Kada ka sa ran ganin sunan kakarka a rajistar Jamus. In ba a ɗaura aure a coci ko gaban hukumarsu ba, ba su rubuta yaron ba. Abin da takardunsu za su ba ka shi ne cewa wane yana gari kaza a shekara kaza, da kuma asalinsa.

Da ka samu sunan ƙauye, ka tabbatar wanne ne, domin garuruwa masu suna ɗaya, irin su Neustadt, suna da yawa. Kundin sunayen garuruwa na Meyers na 1912, wanda ke kyauta a intanet, yana nuna gundumar kowane ƙauye da ofishin rajistarsa da ko yana da coci. Ƙaramin ƙauye sau da yawa ba shi da coci, a na maƙwabta ake rubuta mutanensa. In ƙauyen yana gabas, a yankunan da Jamus ta rasa bayan 1945, yau sunansa ya koma na Polan ko Rasha, takardunsa ma galibi can suke.

Rajistar hukuma, wadda suke kira Standesamt, ta fara a Furusiya a Oktoban 1874, a dukan ƙasar kuma ranar 1 ga Janairun 1876. Ta haihuwa tana buɗewa ga kowa bayan shekara 110, ta aure bayan 80, ta mutuwa bayan 30. Kafin wa'adin ya cika sai wanda ya nuna shaidar cewa shi ɗa ne ko jika. Wannan ne ke tare masu neman injiniyan da ya zo bayan 1960. Abin da ya gabaci 1874 yana littafin coci, Kirchenbuch: na 'yan Furotesta a shafin Archion, ana biya, na 'yan Katolika a Matricula, kyauta, FamilySearch ma kyauta ne kuma yana da kwafi masu yawa. Kafin ka sha wahala, ka bincika ko an riga an yi wa ƙauyen Ortsfamilienbuch, wato littafin da wani ya zauna ya jera dukan iyalan ƙauyen gida-gida. In akwai shi, aikin wata shida ya koma na yini ɗaya, amma a gwada abin da ya ce da littafin cocin.

Karatun littafin shi ne tudun. Da tsohon rubutun hannu mai suna Kurrent aka yi shi, wanda Bajamushen yau ma ba kowa ke iya karantawa ba. E tana kama da n, h tana kama da f. Na Katolika kuma da Latin ne. Ka buga jadawalin haruffan ka ajiye a gefe, ka fara da sunan da ka riga ka sani don idonka ya saba da hannun marubucin. Manhajar Transkribus mai karanta tsohon rubutun hannu tana taimakawa, amma a kan sunaye take yawan tuntuɓe. Tauraro alamar haihuwa ce, gicciye mutuwa, ƙawanya biyu a haɗe aure. 7ber Satumba ce ba Yuli ba, 8ber Oktoba, 9ber Nuwamba, Xber Disamba. Kalmar geb. a bayan sunan mace tana gabatar da sunan gidan ubanta. Müller da Mueller suna ɗaya ne.

Ƙauyen Jamus yana da nasa rikicin suna, kuma ɗan karkarar Kano zai gane shi da sauri. 'Ya'ya maza huɗu a gida ɗaya duk suna iya zama Johann, suna na biyu ne ake kiran kowa da shi. In yaro ya mutu akan mayar da sunansa ga na bayansa, don haka duk haihuwar da ka gani ka leƙa shafin mutuwa na shekaru biyar masu bi mata, kada ka ɗauki jaririn da ya rasu a matsayin kakanka. A yankin Westfalen gona ce mai suna: namijin da ya auri magajiyar gona yakan ɗauki sunan gonar, a rubuta sunansa biyu da kalmar genannt a tsakani, 'ya'yansa kuma su tashi da na gonar. Wanda bai san wannan ba zai ga zuriya ta ɓace rana ɗaya. Sana'ar da aka rubuta ita ke raba masu suna ɗaya: Bauer mai gona ne, Kötter ko Häusler mai ɗan gida da 'yar gayauna, Tagelöhner ɗan ƙodago, Knecht barantaka yake yi. A arewacin ƙasar ɗa ɗaya ke gaje gona dungurungum, sauran su nemi abin yi, abin da ya tura 'ya'yan manoma da yawa soja da jirgin ruwa. Waɗanda suka tsaya wa jariri a wurin baftisma su ma a rubuta su, galibi dangi ne.

In za ka rubuta wa ofishin rajista ko ma'ajiya, wasiƙar ta zama da Jamusanci, gajeriya: cikakken suna, shekara, irin takardar da kake so, dangantakarka da shi, da tambayar nawa ne kuɗin kafin su fara. Ka roƙi hoton ainihin shafin, ba taƙaitacciyar shaida ba, domin a gefen shafin akan ƙara bayanin aure da mutuwa.

Gwajin ƙwayoyin halitta

Gwajin DNA yana da amfani in an san abin da ake aunawa. Mutum yana ɗaukar kashi 50 cikin ɗari daga uba, kimanin 25 daga kaka, 12.5 daga uban kaka, 6 daga na bayansa. Saboda haka mafi tsufa a gidan za a gwada, ba saurayin da ya biya kuɗin ba. Jikar Bajamushe za ta nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Turai, abin da ba ya ɓuya. Kashi 1 ko 2 kuwa ba hujja ba ne. Abin da ya fi kason amfani shi ne jerin dangin da kamfanin zai nuna. In Jamusawa uku sun fito kuma dukansu kakanninsu daga gunduma ɗaya suke, ka samu inda za ka dosa.

Akwai tarko babba a gwajin layin maza zalla, wanda ke bi daga uba zuwa ɗa. Sakamako yana iya nuna layin da ake kira R1b, mutum ya duba ya ga shi ne ya fi yawa a Yammacin Turai, ya fara murna. Reshen R1b mai lamba V88 daɗaɗɗe ne a ƙasar Hausa da kewayen tafkin Chadi, ya shekara dubbai a nan. Na Turawan yamma M269 ne. Sai an ga reshen kafin a ce komai. Kuma in ta wajen mace jinin ya biyo, wannan gwajin ba zai gan shi ba sam.

Kafin a ɗauki yawun kowa a gaya masa abin da gwajin ke iya tonowa, domin ba Bajamushe kaɗai yake fallasawa ba. A shari'a nasaba da aure take tabbata, kuma sukar nasabar mutum babban laifi ne. Sakamakon kamfani ba dalilin taɓa rabon gado ba ne, duk abin da ya shafi wannan a kai shi gaban malami. Maganar biza ma a ajiye ta gefe. A dokar Jamus ta wancan zamani ɗan da aka haifa ba cikin auren da hukuma ta sani ba bai gaji ƙasar ubansa ba, don haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya mayar da salsalarka fasfo, aljihunka yake hange.

Abin da ka tara ka kwafe shi cikin littafin ajiya a daren da ka dawo, tun muryar tana kunnenka. Kowane faifan murya a sa masa sunan mai magana da gari da kwanan wata, a ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya ba a cikin wayar ba. Tsohuwar takarda kada a liƙe ta da roba mai zafi, kada a naɗe ta a leda, gumi ne zai cinye tawadar. A shimfiɗa ta tsakanin farar takarda biyu cikin akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin a kan bulo nesa da bango saboda gara, a riƙa buɗe shi ana dubawa kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta.